Andrei Sakharov: Maƙerin bam da ya bi sawun rarar ɗaya cikin biliyan

A farkon shekarar 1967 wata mujallar kimiyya da ake bugawa a Mosko ta fito da wata gajeriyar maƙala wadda ba ta wuce 'yan shafuka ba. Marubucinta, Andrei Dmitrievich Sakharov, mutum ne da hukumomin Tarayyar Sobiyet ke ɓoye aikinsa, domin yana cikin waɗanda suka ƙera wa ƙasar bam ɗin haidirojin. Maƙalar ba ta taɓo batun makami ba. Ta tunkari wata tambaya ce da ta gagari masana kimiyyar fiziks. Lissafinsu ya nuna cewa kowace ƙwaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da aka gina duniya da su tana da kishiya, kuma duk inda ƙwaya ta haɗu da kishiyarta sai su hallaka juna. To, yaya aka yi ƙasa da ruwa da taurari suka tsira?

Sama da shekara hamsin ke nan, sharuɗɗa 3 da ya gindaya a wannan maƙala su ne ma'aunin da ake auna duk wata amsa da aka kawo. Shi kuwa marubucin, a cikin shekarun da suka biyo baya, ya tashi daga matsayin ɗan gaban goshin hukuma ya koma ɗan ɗaurin talala.

Tasowarsa

An haifi Sakharov a Mosko ranar 21 ga Mayu, 1921. Mahaifinsa, Dmitri Ivanovich, malamin fiziks ne da ya rubuta littattafan koyarwa da suka yi suna a makarantun ƙasar. Kakansa na wajen uba lauya ne da ya yi fice wajen adawa da hukuncin kisa tun zamanin sarakunan Rasha. A gida aka fara koyar da shi, kuma mahaifinsa ne ya ɗora shi a kan lissafi da gwaje-gwajen kimiyya.

Ya shiga Jami'ar Mosko a 1938. Da sojojin Jamus suka doshi birnin a 1941, sai aka kwashe ɗalibai zuwa Ashgabat, babban birnin Turkmenistan a yau, inda ya kammala karatu a 1942. Daga nan aka tura shi wata masana'antar harsasai da ke Ulyanovsk, a bakin kogin Volga. A can ya ƙirƙiro wata na'ura mai amfani da maganaɗisu wajen gane harsashin da ƙarfensa bai yi tauri yadda ake buƙata ba, ba tare da an fasa shi ba. A can kuma ya auri Klavdia Vikhireva a 1943, wadda ta haifa masa 'ya'ya 3.

A 1945 ya koma Mosko, ya shiga Cibiyar Fiziks ta Lebedev a ƙarƙashin Igor Tamm, babban masanin da daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel. A 1948 aka sa su cikin aikin sirri na ƙera makamin nukiliya, kuma a 1950 aka mayar da Sakharov wani rufaffen gari, Sarov, wanda aka shafe shi daga taswirori aka laƙaba masa suna Arzamas-16. Ya shafe shekara 18 yana aiki a can.

Bam da lissafin waɗanda za su mutu

Ranar 12 ga Agusta, 1953, aka gwada bam ɗin da aka ƙera bisa dabararsa a filin gwaji na Semipalatinsk da ke Kazakistan. A wannan shekara aka zaɓe shi cikakken ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar yana da shekara 32. Sau 3 aka ba shi lambar Gwarzon Ma'aikaci, mafi girman lambar yabo ga farar hula. A tsakiyar wannan aiki ne shi da Tamm suka zana tsarin na'urar tokamak, wadda har yau ake fatan samun wutar lantarki da ita ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra.

Sakharov bai taɓa musun cewa da yardarsa ya yi aikin bam ba, domin yana ganin barin irin wannan makami a hannun ƙasa guda haɗari ne ga duniya. Amma gwajin ranar 22 ga Nuwamba, 1955, ya girgiza shi. Ƙarfin fashewar ya rusa gine-gine a wurare masu nisa, ya kashe wani matashin soja da wata yarinya 'yar shekara 2. A walimar da aka yi a daren, ya yi fatan kada a taɓa tayar da irin wannan makami a kan birane. Shugaban gwajin, Marshal Mitrofan Nedelin, ya mayar masa da martani cikin ba'a, yana nuna masa cewa nasu ƙerawa ne kawai, yanke shawara na wasu ne.

Daga nan ya zauna ya yi wani lissafi da mahukunta ba su so ji ba. Jami'ai a Gabas da Yamma na cewa ɓurɓushin gubar da gwajin bam ke watsawa a iska kaɗan ne ƙwarai idan aka raba shi a kan kowane mutum, don haka ba abin damuwa ba ne. A wata maƙala ta 1958, Sakharov ya nuna cewa fashewar tana haifar da wani nau'in sinadarin kabon mai fitar da tururin nukiliya, wanda ke ɗaukar sama da shekara 5,000 kafin rabinsa ya gushe. Idan aka tara wannan ɗan ƙaramin haɗari a kan dukan mutanen duniya da zuriyar da ba a haifa ba, kowane babban gwaji na nufin mutuwar dubban mutane da ba za a taɓa sanin sunayensu ba. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sakharov ya ƙi yarda a mayar da ƙaramin adadi sifiri don kawai ƙarami ne.

Wannan fargaba ta iso Nijeriya a daidai wannan zamani. Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu, 1960, a yankin da iskar hunturu ke kwaso ƙura zuwa Afirka ta Yamma. Bayan gwaji na uku a ƙarshen wannan shekara, gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, ta kori jakadan Faransa a watan Janairun 1961, ta yanke hulɗar jakadanci da ita.

A Mosko kuwa, a tsakiyar 1961 Sakharov ya miƙa wa shugaba Nikita Khrushchev takarda yana adawa da komawa gwaje-gwaje, shi kuma ya tsawata masa a gaban jama'a. Duk da haka ya ci gaba da aiki, har da bam mafi girma a tarihi, wanda aka tayar ranar 30 ga Oktoba, 1961, a tsibirin Novaya Zemlya, da ƙarfin da ya ninka na Hiroshima fiye da sau 3,000. Matsin lambarsa na cikin abubuwan da suka kai ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Mosko ranar 5 ga Agusta, 1963, wadda ta haramta gwajin nukiliya a iska da ƙarƙashin ruwa da sararin samaniya.

Ƙwaya da kishiyarta

Bayan yarjejeniyar, Sakharov ya koma ga binciken asalin sararin samaniya, da ƙarfafawar abokin aikinsa Yakov Zeldovich. Domin fahimtar abin da ya tarar, sai an ɗan koma baya.

Kowane abu, daga dutse har jikin ɗan Adam, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, su kuma an gina su da wasu ƙwayoyi ƙanana: furoton da niyutiron a tsakiya, elektiron a kewaye. A 1928 wani Bature ɗan Ingila, Paul Dirac, ya rubuta lissafin da ke bayyana halin elektiron, sai lissafin ya nuna masa lallai akwai wata ƙwaya mai nauyi daidai da nata amma mai akasin cajinta na lantarki. A 1932 Carl Anderson ya gan ta a Amurka, aka sa mata suna fozitiron. A 1955 aka samar da kishiyar furoton a Berkeley. A yau ana amfani da fozitiron a wasu na'urorin asibiti masu ɗaukar hoton cikin jiki domin gano ciwon daji.

Idan ƙwaya ta taɓa kishiyarta, dukansu biyu kan ɓace su koma makamashi. Giram 1 na kishiyoyi da ya haɗu da giram 1 na abu zai fitar da ƙarfin da ya kusa ninka bam ɗin Hiroshima sau 3. Haka kuma, duk lokacin da aka samar da ƙwaya daga makamashi a ɗakin gwaji, tare da kishiyarta take fitowa.

Nan matsalar take. Bisa nazarin masana, sararin samaniya ya faro ne kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce cikin matsanancin zafi, inda ƙwayoyi da kishiyoyinsu ke fitowa bibbiyu. Da adadinsu ya zo daidai wa daida, da sun cinye juna ƙurmus, ba abin da zai saura sai haske. Amma duk inda aka duba, daga duniyar wata har taurari mafiya nisa, ba a ga tarin kishiyoyi ba. Awon da aka yi wa tsohon hasken da ya cika sarari, wanda Arno Penzias da Robert Wilson suka gano a 1965, ya nuna girman tazarar. A kan kowace kishiya biliyan 1, an sami kimanin ƙwaya biliyan 1 da ɗaya. Biliyan ta tafi da biliyan, ɗaya ta saura. Duwatsun da suka kewaye birnin Bauchi, da ruwan rijiyar Fadaman Mada, da hannun da ke jan gugan, duk daga wannan rara aka gina su.

Alamar farko daga Brookhaven

Na tsawon lokaci an ɗauka dokokin halitta ba su bambanta dama da hagu, kuma ba su fifita ƙwaya a kan kishiyarta. A farkon 1957 wata masaniya 'yar asalin ƙasar Sin, Chien-Shiung Wu, ta rushe zato na farko, inda gwajinta da sinadarin kobal ya nuna akwai yanayin da halitta ke fifita ɓangare guda. Sai masana suka ja da baya zuwa wani zato: idan aka musanya kowace ƙwaya da kishiyarta, aka kuma juya komai kamar yadda madubi ke juya hoto, to lissafi zai dawo daidai.

A 1964 wannan ma ya faɗi. A cibiyar Brookhaven da ke jihar New York, James Cronin da Val Fitch da abokan aikinsu 2 sun binciki wata ƙwaya mai gajeren rai da ake kira kayon. Irin waɗannan ƙwayoyi ba su daɗewa, nan take suke rugujewa su koma wasu ƙwayoyi marasa nauyi. Bisa zaton da ake kai, nau'in kayon da suka sa wa ido ba zai taɓa rugujewa zuwa ƙwayoyin fayon guda 2 ba. Cikin rugujewa kimanin 22,700 da suka ƙirga, sun ga hakan ya faru kusan sau 45, wato kimanin 2 cikin 1,000. Wannan ɗan kaucin ya kai Cronin da Fitch ga lambar Nobel a 1980.

Sharuɗɗa uku

Sakharov ne ya fara haɗa wannan ƙaramin sakamako da babbar tambayar. A maƙalarsa ta 1967 ya nuna cewa ana iya farawa da adadi daidai a kuma ƙare da rara, muddin abubuwa 3 sun haɗu.

Na farko, dole a sami hanyar da adadin ƙwayoyi irin su furoton zai canja ba tare da na kishiyoyinsu ya canja daidai da shi ba. Idan kowace shiga tana da fita daidai da ita, littafin ciniki ba zai taɓa nuna riba ba. Wannan ya kai shi ga wata magana da a lokacin aka ɗauka wauta ce, cewa furoton kansa yana iya rugujewa, ko da bayan zamani mai tsawon gaske.

Na biyu, dole dokokin halitta su nuna ɗan fifiko tsakanin ƙwaya da kishiyarta, irin wanda aka gani a Brookhaven. In ba haka ba, duk rarar da aka samu a wannan gefe za a sami irinta a wancan, su shafe juna.

Na uku, dole abin ya faru a lokacin da al'amura ba su natsa ba. A yanayin da komai ya daidaita, duk canjin da ya auku yana da mai warware shi. Amma idan sarari yana buɗewa yana hucewa da sauri, sai ya zama kamar kasuwar da ta watse kafin mai saye ya dawo da kaya. Cinikin da aka ƙulla ya zauna ke nan.

Kusan shekara 10 maƙalar na kwance ba mai waiwayarta, musamman saboda sharaɗin farko. Sai a ƙarshen shekarun 1970, da aka fito da sababbin nazarce-nazarce masu hasashen rugujewar furoton, masana suka koma suka tarar Sakharov ya riga su.

Daga gata zuwa ɗaurin talala

Kafin lokacin, rayuwarsa ta riga ta juya. A 1968 ya rubuta wani dogon sharhi kan ci gaba da zaman lafiya da 'yancin tunani, inda ya yi gargaɗi kan yaƙin nukiliya, ya kuma soki danniya a ƙasarsa. Rubutun ya yaɗu hannu da hannu, ya tsallaka waje, jaridar New York Times ta buga shi a watan Yuli. Nan da nan aka raba shi da aikin sirri. Matarsa Klavdia ta mutu da ciwon daji a 1969, shi kuma ya bayar da mafi yawan dukiyar da ya tara domin gina asibitin masu wannan ciwo da kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross.

A 1970 ya kafa kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam tare da Valery Chalidze da Andrei Tverdokhlebov, kuma a 1972 ya auri Yelena Bonner, likitar yara kuma 'yar gwagwarmaya. Salonsa shi ne bin shari'ar mutum ɗaya ɗaya. Yakan rubuta takarda kan fursuna guda da sunansa, yakan yi tafiya mai nisa ya tsaya a ƙofar kotun da aka hana shi shiga. Da aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1975, hukuma ta hana shi fita. Matarsa ce ta karɓa a Oslo, yayin da shi yake tsaye a wajen wata kotu a Vilnius, inda ake shari'ar abokinsa Sergei Kovalev.

Bayan ya fito fili ya la'anci shigar sojojin Sobiyet Afganistan, sai aka tare motarsa a titin Mosko ranar 22 ga Janairu, 1980. Aka ƙwace lambobin yabonsa, aka tura shi birnin Gorky, wanda yau ake kira Nizhny Novgorod, ba tare da shari'a ba. Ya yi kusan shekara 7 a can, ɗan sanda na gadin ƙofarsa, ba shi da tarho. Jami'an leƙen asiri sun sace rubutun tarihin rayuwarsa fiye da sau ɗaya, yana sake rubutawa daga ka. Ya yi yajin cin abinci a 1981 da 1984 da 1985, na baya domin a bar matarsa ta fita neman maganin ciwon zuciya, kuma an ɗura masa abinci da ƙarfi a asibiti. Duk da haka bai daina rubuta maƙalu kan asalin sararin samaniya ba.

A tsakiyar Disambar 1986 aka zo da dare aka sa masa tarho. Washegari Mikhail Gorbachev ya kira shi ya ce ya koma Mosko. A cikin wannan gajeriyar hira ma, Sakharov ya tayar da batun sakin fursunonin siyasa, da mutuwar Anatoly Marchenko, wanda ya cika a kurkuku kwanaki kaɗan kafin nan. A 1989 aka zaɓe shi ɗan sabuwar majalisar wakilan jama'a, inda ya nemi a soke sashen tsarin mulki da ya ba jam'iyyar Kwaminis ikon mulki ita kaɗai. Ya mutu a gidansa da ke Mosko ranar 14 ga Disamba, 1989, yana da shekara 68. Watanni 3 bayan haka aka yi wa wannan sashe gyaran da ya nema.

Majalisar Tarayyar Turai ta kafa lambar yabo da sunansa a 1988, kuma Nelson Mandela da Marchenko ne suka fara samun ta. A 2005 lambar ta zo Nijeriya, inda lauya Hauwa Ibrahim, 'yar asalin Hinna ta Jihar Gombe, yankin da ke cikin Jihar Bauchi kafin 1996, ta kasance cikin waɗanda aka ba.

Tambayar da ya bari

Sharaɗinsa na biyu ya zama babban fagen bincike. A 1973 wasu Japanawa biyu, Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa, sun nuna cewa za a iya bayyana fifikon da aka gani a Brookhaven idan ƙwayoyin kwak, waɗanda da su aka gina furoton da danginsa, sun kai nau'i 6. A lokacin 3 kawai aka sani. An gano sauran ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a 1995, kuma a 2001 gwaje-gwajen BaBar a Amurka da Belle a Japan suka tabbatar da hasashensu a wani dangin ƙwayoyi dabam. An ba su lambar Nobel a 2008.

A yau cibiyar wannan bincike ita ce CERN, kusa da Janiba, inda wani rami mai kewayen kilomita 27 ya ratsa ƙarƙashin iyakar Suwizalan da Faransa. A can gwajin LHCb ke ƙirga rugujewar ƙwayoyi da ta kishiyoyinsu, yana kwatanta adadin. A 2019 ya ga bambanci a wani dangi na uku. A 2025 ya sanar da ganinsa karo na farko a dangin da furoton da niyutiron ke ciki, inda tazarar ta kai kimanin kashi 2.5 cikin 100.

Sai dai duk fifikon da aka auna zuwa yanzu, idan aka haɗa shi, ya gaza nesa ba kusa ba wajen samar da rarar ɗaya cikin biliyan. Lissafin da masana ke dogaro da shi a yau zai bar sarari kusan fayau. Ma'anar haka ita ce akwai wata doka ko wata ƙwaya da ba a gano ba tukuna. Shi ya sa ake auna kowace rugujewa da matuƙar tsanaki, domin duk inda bambancin da aka gani ya zarce wanda lissafi ya yi hasashe, to an taka sawun sabon ilimi. Wasu na neman sawun a ƙwayoyin niyutirino, waɗanda ke ratsa duniya kamar ba ta nan.

Sharaɗinsa na farko kuwa har yanzu ba a gan shi da ido ba. A ƙarƙashin wani dutse a Japan akwai tankin Super-Kamiokande, mai ɗauke da tan 50,000 na tataccen ruwa, da dubban na'urorin gano haske a bangonsa. Tun 1996 yake jiran walƙiyar da za ta nuna furoton guda ya ruguje. Bai gani ba tukuna, kuma Japan na gina wanda ya fi shi girma a kusa da shi.